Daga Buipe zuwa Ada a cikin ruwa: nazarin iyon Kogin Volta na 2023 da abin da zango zai ɗauka a ciki

A watan Mayun 2023 Yvette Tetteh ta fito daga ruwa a Ada, inda Kogin Volta ke zuba a teku, bayan iyon kilomita 450 da ta faro daga Buipe a arewacin Ghana, ta yi shi cikin kwana 40. Babu wani iyo da aka taɓa rubutawa a Ghana da ya kai shi tsawo. Ƙungiyar The Or Foundation, mai aiki da 'yan kasuwar Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra, ita ta shirya tafiyar, aka kuma sa mata suna Agbetsi, wato ruwa mai rai da harshen Ewe. Abin da ya kai su ruwa shi ne tsummokaran gwanjo da ke ƙarewa a kwatocin Accra, daga nan su gangara teku.

Lamarin ya cancanci a zauna a kansa saboda an haɗa abubuwa uku da ba kasafai ake samunsu tare ba: wasan juriya mai jan ido, awon da za a iya nuna wa mai musu, da buƙata guda da aka miƙa wa masu iko. Akwai kuma inda tsarin ya yi rauni, kuma a wurin raunin ne mutanen zangunan Accra, irin su Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina, suke da abin yi.

Matsalar da aka shiga ruwa dominta

Ƙiyasin ƙungiyar shi ne tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa Kantamanto duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na fita daga kasuwar a matsayin shara. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Ghana ta ƙi yarda da wannan adadi, ta ce abin bai wuce kashi 5 ba. Tazarar na da girma, kuma iyo ba ya raba irin wannan gardama, sai awo. Abin da ba ya buƙatar gardama shi ne yadda sana'ar take: ɗan kasuwa na sayen dila a rufe, mai nauyin kilo 55, kayayei su ɗauko masa a ka, ya yanke igiya bai san abin da zai tarar ba. Kaya masu kyau na zaɓin farko da na biyu su tafi, na uku a karya kuɗi, ragowar da ta yage ko ta yi tabo a share ta da yamma.

Ina sharar ke zuwa? Babban jujin Kpone, wanda ya riƙa karɓar kaso mai yawa, ya kama wuta a 2019. Wadda ba a kwashe ba ana ƙonawa, ko a jibge a gefen Kogin Odaw da tafkin Korle. Ruwan sama na farko ya wanke ta zuwa bakin teku a Jamestown. A can igiyar ruwa ke murɗe riguna da wanduna su zama wata doguwar tufka mai nauyi, rabi a binne cikin yashi, sai da adda ake rabawa. Masunta na janyo raga su tarar da tsumma da leda sun fi kifin yawa.

Wannan shi ne abin da ido ke gani. Yadin roba, irin foliyesta da nailan, ba ya ruɓewa kamar auduga; marmashewa yake yi zuwa ƙananan zaruruwa da ba a gani sai da madubin ɗakin bincike. Ƙananan kifaye na haɗiye su tare da abincinsu. A ƙasar da kifi ke ba da sama da rabin furotin ɗin dabba da mutane ke ci, maganar ta shafi kowace tukunya, har da bandar kifin unguwar masunta ta Chorkor da ake kasawa a kasuwar Nima.

Me ya sa Volta, ba Korle ba

Amsar farko mai sauƙi ce: ruwan Korle ba wanda mai hankali zai sa jiki a ciki. Ta biyu ita ce tsawo. Iyon yini ɗaya labarin yini ɗaya ne, kwana 40 kuwa na ba 'yan jarida dalilin dawowa sau da dama, na kuma ba masu bincike damar ɗibar ruwa a wurare da yawa, tun daga arewa mai nisa da Kantamanto har bakin teku.

Sai dai zaɓin na da tsada. Kafin mai sauraro ya haɗa mace mai iyo a kusa da Yeji da rigar da aka yar a Accra da kifin da ke teku, sai an yi masa bayani hawa uku. Duk saƙon da ke buƙatar haka yakan zube a hanya, abin da ke isa kunnen mutane shi ne, wata ta yi iyo daga arewa zuwa kudu. A ganinmu wannan ne babban raunin tsarin, kuma ba laifin mai iyon ba ne.

Kayan aiki da tsarin yini

An ƙera jirgin rakiya na alminiyon a nan Ghana, aka sa masa faifan lantarkin rana da ɗan ɗakin bincike, aka raɗa masa suna mai ma'anar macen da ba ta tsoro. A cikinsa ake ɗibar ruwa da iska don neman zaruruwan yadi. Kusa da mai iyon kuma akwai ƙaramin kwalekwale.

Kwalekwalen nan shi ne ido da hannun mai iyo. Wanda kansa ke cikin ruwa ba ya hango abin da ya wuce 'yan mitoci, idan aka bar shi da kansa sai ya riƙa karkacewa, kilomita goma ta zame masa goma sha ɗaya. Don haka mai tuƙi ne ke riƙe da layi, mai iyo ya bi gefensa da tazarar mita biyu ko uku, a ɓangaren da yake shaƙar numfashi. Babban jirgi yakan tsaya nesa, saboda farfelar inji da hayaƙi.

Idan aka raba 450 gida 40, ana samun kilomita 11 da 'yan kai kowace rana. Gwanin dogon zango yakan ci kilomita biyu da rabi zuwa uku a awa, ke nan wajen awa huɗu zuwa huɗu da rabi a ruwa kullum. Yini ɗaya irin wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya horu. Wahalar tana cikin maimaitawa, domin kafaɗar da ta juya sau dubbai jiya ita za ta sake juyawa yau.

Ƙa'idar masu wannan wasa a kan ci ita ce a tsaya duk rabin awa, tsayawar da ba ta kai minti ɗaya ba. Ana miƙo gora ɗaure da igiya, da abin sha kamar mililita 200 zuwa 300, ta yadda sinadarin ba da kuzari zai kai giram 30 zuwa 60 a awa, da ɗan gishiri. Ayaba, dabino ko kunu mai ruwa-ruwa duk suna aiki, muddin an gwada su lokacin atisaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran sai an ji yunwa ko ƙishi, alhali mai iyo na zufa ba tare da ya sani ba. Ana shafa man baselin a wuya, hammata da duk inda rigar iyo ke gogar fata, don ƙaramin saɓi a rana ta uku yakan zama gyambo a rana ta goma. Inda aka tsaya yau ana ɗaukar alamarsa da na'urar nuna wuri, gobe a koma daidai nan. In babu wannan rubutu, wani zai ce an tsallake, ba kuwa abin da za a nuna masa.

Abubuwan da ke ɓata tafiya a wannan ruwa

Masu iyon Turai sanyi suke tsoro, a Volta kuwa zafi ne abin tsoro. Saman tafkin yakan kusanci digiri 30 a bazara, kuma hukumar wasannin ruwa ta duniya ba ta yarda a yi gasa a ruwan da ya haura digiri 31 ba, dokar da aka kafa bayan rasuwar ɗan wasan Amurka Fran Crippen a wata gasa a Fujaira a 2010. Jiki mai aiki a ruwa mai ɗumi ba shi da inda zai zubar da zafinsa. Maganin shi ne shiga ruwa da sanyin safiya, abin sha mai sanyi, da mutum a kwalekwale mai ƙirga sau nawa mai iyo ke juya hannu a minti. Idan adadin ya faɗi farat ɗaya, ko amsar mai iyo ta fara rikicewa, a fitar da shi ko da yana cewa lafiya lau.

Sai tsargiya. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya kwanta, ciyawa ta yaɗu, katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar ta samu gida. Ƙwayar na ratsa fata ne, ba sai an sha ruwan ba, kuma ta fi yawa a bakin gaɓa mai ciyawa kusa da ƙauyuka. Shi ya sa ya fi kyau a shiga ruwa daga jirgi a wuri mai zurfi. Bayan tafiya a je gwaji, yawanci mako shida zuwa takwas bayan shigar ƙarshe, likita ya ba da magani gwargwadon nauyin jiki.

Tafkin, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, daji ne da ruwa ya cinye, har yau kututturan itatuwa na tsaye a ƙarƙashinsa, su ne ke fasa jiragen fasinja. Ga ragar masunta da ƙugiyoyi, shi ya sa mai kwalekwale ke riƙe wuƙa. Ga guguwar farkon damina da ke tasowa cikin 'yan mintoci ta mayar da tafki kamar teku. Matuƙin da ya san ruwan ya fi kowace taswira a nan, kuma in ya ce yau ba a shiga, ba a shiga. A Akosombo da Kpong dole a fita a kewaye madatsa, a ƙasansu kuma gudun ruwa na bin yadda ake sakin shi daga injinan lantarki. A Ada kogi da teku ke karo, don haka zangon ƙarshe ana lissafa shi da lokacin cika da janyewar teku.

Abin da iyon ya samo

Ya samo kunnen jaridun waje. Buƙatar The Or Foundation ba ta da wuyar faɗa: kamfanonin da ke ƙera tufafi su biya kuɗin kula da shararsu, kuɗin kuma ya biyo kayan zuwa inda suka ƙare, irin su Kantamanto, kada ya tsaya a Turai. Faransa ta daɗe da dokar da ke karɓar irin wannan kuɗi daga kamfanoni, a Yulin 2023 kuma hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da shawarar faɗaɗa tsarin ga dukkan ƙasashenta. Ba za a ce iyon ne ya jawo haka ba, magana ce da aka daɗe ana yi. Amma ya sa sunan Accra a cikin zancen a lokacin da ake rubuta dokar.

Haka shahararren mai iyo Lewis Pugh ya yi a 2018, da ya bi tsawon gaɓar kudancin Ingila da iyo har Dover cikin kwana 49. Buƙatarsa jimla ɗaya ce, a kare kashi 30 cikin ɗari na tekunan duniya kafin 2030, kuma ya san teburin da yake so ta sauka. Inda babu irin wannan jimla, jama'a kan yaba wa ɗan wasa su koma harkarsu.

A cikin gida lissafin daban ne. Yawancin abin da aka rubuta da Turanci ne, a shafukan da mai sayar da wake da shinkafa a Mamobi ba ta buɗewa. Wani sashe na tafiyar ma ya faɗo cikin azumin shekarar, lokacin da hankalin zango ke kan tafsiri da hidimar salla. Abin takaici ne, domin hanyar ruwan ta bi ta Yeji da yankin Kete Krachi, tsofaffin zangunan fataken goro inda har yau Hausa ke ci a kasuwa. Sannan iyo ba ya gyara kasuwa: a farkon Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan Kantamanto, 'yan kasuwa suka sake tashi daga tushe.

Idan matasan zango za su yi nasu

Kada a kwaikwayi iyon. Kaɗan ne cikin yaranmu suka iya ruwa, tekun Accra kuma na da janyewar ƙarƙashi mai cin mutane duk lokacin biki. Abin da ake da shi shi ne ƙafa, ga ƙungiyoyin motsa jiki da ke fita safiyar Asabar da Lahadi. Akwai kuma abin da Volta ba ta da shi, wato hanyar da ba ta buƙatar bayani. Babbar kwatar Nima na zuba a Odaw, Odaw ya wuce ta Circle da gefen Old Fadama ya shiga Korle, Korle ta buɗe a teku. Duka tafiyar wajen kilomita goma ce. Wanda ya bi ta da gudu ya bi sawun ledar da ya yar a ƙofar gidansu, gani kuwa ya kori ji. Mutanen wannan hanya ba su manta da 3 ga Yunin 2015 ba, daren da ambaliya da gobara suka kashe mutum sama da 150 a Circle.

Kilomita goma sau ɗaya ba juriya ba ce. Abin da zai mayar da ita juriya shi ne maimaitawa, mutum biyu ko uku su yi ta kullum har kwana 30, kowace rana wata unguwa ko makarantar Islamiyya ta raka su. A tashi da an sallame asuba, a gama kafin takwas, don zafin Accra da laimarsa ba sa barin zufa ta bushe. Abin sha kamar rabin lita a awa ya ishi yawancin mutane, ɗirkar ruwa fiye da ƙima ma na da nasa haɗarin, yana tsinka gishirin jini. Wanda ya fara tangaɗi ko sambatu, a kwantar da shi a inuwa a yi ta kwara masa ruwan ƙanƙara nan take, a kira lambar gaggawa 112, kada a jira mota kafin a fara sanyaya shi.

Abin kunyar da ya fi saurin faruwa shi ne fiyawata. Mutum 100, kowa ya sha leda huɗu, an zubar da leda 400 a kan hanyar da aka fito karewa, wato jaka 13 da ɗoriya tunda jaka na ɗaukar 30. Wannan lita 200 ce, jarka takwas masu lita 25. A ajiye su a tasha uku, kowa ya zo da gorarsa.

Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana biyar kafin taro a kan titi. A duba kalanda sau biyu: azumi na matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, sannan sarakunan Ga, 'yan asalin Accra, kan hana kiɗa da amsa-kuwwa na wata guda kafin bikinsu na Homowo, yawanci tsakanin Mayu da Yuni, daidai lokacin da kwatoci suka fi cika. In an zaɓi wannan lokaci, to gudu ne na shiru, da alluna da Hausa da Ga. A fara gaida sarkin zango da limamai, a roƙi a taɓo maganar a huɗubar Juma'a, aya ta 41 ta Suratur Rum na nan a kan ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku. A Old Fadama a nemi shugabannin unguwa tun da wuri, kada kuma a kira wurin da sunan ɓatancin da jaridu suka laƙaba masa. Yawancin sharar da ke gefensu daga sama ta gangaro. A bakin teku izini na hannun sarkin masunta, kuma ranar Talata, da masuntan Ga ba sa fita, ita ce ranar samunsu a zaune.

Buƙatar ta zama guda, wadda majalisar ƙaramar hukuma za ta iya cewa e ko a'a a kanta, misali a ajiye babban kwandon bola a wuri kaza a riƙa kwashewa sau kaza a mako. A rubuta ta a takarda ɗaya, wakilin unguwa a majalisa ya karɓa a gaban jama'a ranar ƙarshe.

Awon shi ne zai rage bayan an daina tafi. A ja igiya mita 100 a bakin teku, a sa alama mai ɗorewa a kowane kai, a kwashe duk abin da ke tsakanin bakin ruwa da inda igiyar ruwa ke tsayawa. A ware tsumma, ledar ruwa, gora, takalma da guntun raga, a ƙirga, a rataya kowane buhu a sikeli mai ƙugiya. Jiƙaƙƙen tsumma cike da yashi na ninka nauyinsa, saboda haka a karkaɗe a bar shi ya tsane, a kuma rubuta ko an yi ruwa a daren jiya. Rigar da tambarin kamfani bai goge ba a ɗauki hotonsa. Safar hannu ta zama mai kauri, takalmi rufaffe, don ana samun allura da kwalba. A yi ciniki da mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, tun kafin ranar, wani ya bi shi har inda zai juye, in ba haka ba buhunan na iya komawa Odaw da dare. Bayan wata guda a dawo wannan mita 100 ɗin, a daidai lokacin janyewar teku irin na farko, a sake awo da sikeli ɗaya, a kai takardun biyu ga wanda ya karɓi buƙatar.